KUTUTTURE MAI RAI: DARASI A KAN RIƘON AMANAR ƘASA

Karatu: Farawa 2:4-17, Levitikus 25:1-7, 23, Ayuba 14:7-9
Ayar haddacewa: Zabura 24:1

Lokacin sassabe ya yi kusa. Nan da 'yan makonni kowane mai gona zai wasa gatarinsa da addarsa, ya fita ya share gona, ya tara sabara da kalgo da geza ya cinna musu wuta. Haka muka tarar iyayenmu suna yi, haka mu ma mu ke yi. Wanda gonarsa ta fita fes, babu ko ɗan tsiro a ciki, shi a ke kira manomin kirki.

A darasin wannan wata muna so mu dakata tukuna kafin gatari ya sauka. Bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga ko Mai ƙasar yana da magana a kan wannan aiki. Bayan haka za mu ji abin da ya faru a ƙasar Maraɗi, gama akwai koyarwa a ciki domin kowane gida da kowace ekklesiya.

1. ƘASA TA WA CE?

Idan an tambayi ɗayanmu, zai ce, "Gonata ce, na gāda wurin ubana." Gaskiya ne. Amma ubansa fa, wa ya ba shi? Ayar haddacewarmu ta amsa a fili: duniya da dukan abin da ke cikinta mallakar Ubangiji ne. A Levitikus 25:23 Allah ya hana Isra'ilawa su sayar da gona sayarwa ta har abada. Dalilin da ya bayar shi ne, ƙasar tasa ce, su kuwa zaman baƙunci su ke yi a wurinsa.

Mun san yadda aron gona ya ke. Wanda aka ba aro yana noma, yana ci, yana ciyad da iyalinsa. Amma ba shi da iko ya sare ɗorawar da ke ciki, ko ya mayar da gonar fako. Ran da mai gona ya zo dubawa, sai ya ba da lissafi.

Ku dubi Farawa 2:15 da kyau. Sa'ad da Allah ya sa mutum cikin gonar Adnin ya danƙa masa aiki biyu, aikin noma da aikin tsaro. Wannan kuwa tun kafin zunubi ya shigo duniya ne. Aiki na fari mun riƙe shi ƙwarai, ba wanda zai ce manoman ƙasarmu ragwaye ne. Na biyun ne muka saki. Waɗansu su kan kafa hujja da Farawa 1:28, inda aka ba mutum mulki bisa halitta. To, wane irin sarki ne ya ke ƙone garinsa? Mulkin da Allah ya bayar irin na makiyayi ne bisa garkensa.

Shari'ar Musa ta shiga har cikin ƙananan al'amuran gona. Ta umarta a bar ƙasa ta huta a kowace shekara ta bakwai. Ta kuma hana mayaƙa su sare itatuwa masu ba da 'ya'ya, ko da suna kewaye da birnin abokan gāba (Kubawar Shari'a 20:19-20). Idan ba a yarda a sare su a lokacin yaƙi ba, ina dalilinmu a lokacin salama? Isra'ilawa ba su kiyaye hutun ƙasa ba. Da aka kwashe su zuwa Babila, marubucin 2 Labarbaru 36:21 ya ce a cikin shekarun nan 70 ne ƙasar ta sami hutun da aka hana ta. Allah bai manta da bashin ba.

2. ABIN DA IDANUNMU SUKA GANI

Dattawanmu suna tunawa da lokacin da jeji ya ke bayan gari, mace ta fita da hantsi ta komo da kirare kafin rana ta take. Gona in ta gaji a kan bar ta ta zama saura shekaru, a koma wata. Daga baya mutane suka yi yawa, saura ta ƙare. Noman gyaɗa ya bunƙasa a zamanin Turawa, garmar shanu ta shigo, aka koya wa manomi ya tumɓuke kututture domin garma ta wuce. Birane suka girma, motocin itace da na gawayi suka yi ta ɗiba.

Sa'an nan fari ya zo. Waɗanda suka ga 1973 da 1984 ba su bukatar a ba su labari. Shanu suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, magidanta suka bar garuruwansu. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har abin da ya rage a tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwansa ya ɗan komo daga baya, amma bai kai na dā ba.

Masana sun bincika, sun tarar babban tushen farin nan yana can nesa da mu, cikin sauyin ɗumin ruwan teku, wanda hayaƙin masana'antun ƙasashen arewa ya sa hannu a ciki. Saboda haka kada mu ce gatarin talaka ne ya hana ruwa. Amma gatarin ne ya sa farin ya fi yi mana ciwo. Gonar da babu itace ba ta da abin tare iska. Rairayi ya kan yanke gero tun yana ɗan tsiro, sai a sake shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare. Rana ta kan gasa ƙasa, laima ta gudu. Mata kuwa, da suka rasa itacen wuta, sai suka koma ƙona kara da kashin shanu, wato abincin da ya kamata ƙasa ta ci.

Yanzu kuma ga wani abu a kan wannan, wanda a ke kira ɗumamar duniya. Bayaninsa a taƙaice shi ne: sa'ad da a ke ƙona kwal da man fetur da gas, ko a ke ƙone daji, wata iska ta kan tashi wadda a ke kira iskar kabon. Tana taruwa a sama kamar bargo, tana hana zafi fita. Kafin zamanin injuna, cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska akwai wajen kashi 280 nata. Yanzu ta wuce 420. Shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka soma rubuta awo. A ƙasashenmu ruwan sama ya ɗan komo tun shekarun 1990, amma ya sāke hali. Ya kan yi jinkiri, ya ɗauke a tsakiyar damina, sa'an nan ya sauko da ƙarfi gaba ɗaya. Mutanen Maiduguri sun ga haka a watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga birni.

Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na wannan iska, amma tana cikin masu shan wahalar da ta fi tsanani. Wannan rashin gaskiya ne, daidai ne kuma shugabanninmu su faɗa. Duk da haka tambayar da ke gabanmu ita ce, mu da ke riƙe da fartanya, me za mu yi?

3. ABIN DA YA FARU A MARAƊI

A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a ƙasar Maraɗi cikin Jamhuriyar Nijar. Ana renon dashe, ana kaiwa ƙauyuka, ana dasawa. Yawancinsu kuwa ba su rayuwa. Rana ta kashe waɗansu, gara ta ci waɗansu, awaki su gama da sauran. An kashe kuɗi da ƙarfi, abin a zo a gani kaɗan ne.

Wata rana a 1983 yana tafe da mota ɗauke da dashe, ya tsaya domin ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya duba gabas da yamma, fili ne kawai. Zuciyarsa ta karai. Bisa ga shaidarsa, a nan ya roƙi Allah ya gafarta yadda mutane suka ɓata kyautarsa, ya kuma buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan ƙaramin tsiro a gefen hanya, irin wanda ya saba wucewa kullum. Da ya matsa ya dubi ganyen, ya ga ashe itace ne sosai, wanda aka sare tun dā, yana tofo daga kututture. Ya ɗaga ido, ga irinsa ko'ina cikin gonaki. Kowace shekara suna tofo, kowace shekara ana sare su lokacin sassabe. Itatuwan ba su mutu ba. Dajin yana nan ƙarƙashin ƙasa, da saiwoyinsa masu zurfi, yana jiran a ƙyale shi.

Shawarar da ta fito daga nan mai sauƙi ce: maimakon a sare tofon duka, a zaɓi kaɗan masu ƙarfi a bari, a gyara su. Manoma 'yan kaɗan suka yarda su gwada. Aka yi musu dariya, aka ce gonarsu ta ƙazanta. Waɗansu ma aka bi dare aka sare musu abin da suka bari.

Da yunwar 1984 ta zo, mishan ta raba abinci a kan aiki, cikin aikin kuwa har da barin itatuwa a gona. A ƙauyuka kusan ɗari aka bar itatuwa wajen 500,000. Ku lura da abin da ya biyo baya. Da rabon abinci ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Mutane sun yi ne domin hatsi, zuciyarsu ba ta yarda ba tukuna. Amma sauran da suka bar nasu suka ga gero bai ragu ba, ga itacen wuta a kusa, ga ganye domin dabbobi, ga sanda da za a kai kasuwa. Maƙwabta suka gani. Gani ya kori ji. Daga manomi zuwa manomi abin ya bazu, har aka sa masa suna sassabin zamani.

Akwai wani abu kuma da ya taimaka. Tun zamanin Faransawa doka ta mai da itatuwa na gwamnati, mutum ya kan biya tara a kan itacen da ke cikin gonarsa. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata zai ci amfanin wahalarsa, sai ya tsare. Dokar daji ta 2004 da wata doka ta 2020 sun ƙara tabbatar da hakkin manomi a kan itatuwan da ya rena.

Bayan shekara 20 da wani abu, masu bincike suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama, na dā da na yanzu. Suka ƙiyasta gonakin da suka sake samun itatuwa a kudancin Nijar sun kai wajen hekta miliyan 5, itatuwan kuwa wajen miliyan 200. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Suka ƙiyasta kuma ƙarin hatsin da a ke samu ya kai wajen tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomi daga Burkina Faso wanda ya rayar da fako ta wurin haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki a ciki. An kai wannan dabara har Habasha da arewacin Gana.

Kada mu ɗauka Bature ne ya kawo dukan hikimar. A ƙasar Damagaram, wajen Magariya da Matamaye da Miriya, manoma sun daɗe suna renon gawo, sarakunansu na dā ma sun kafa doka mai tsanani a kan saransa. Sun san halinsa. Gawo ya kan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya rufe wa gero rana, ganyen kuwa ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na fili. Yawancin waɗanda suka yi wannan babban aiki maƙwabtanmu Musulmi ne. Bari mu koya daga gare su da tawali'u, mu gode wa Allah wanda ya ke ba da hikima ga wanda ya ga dama.

Yanzu ku sake karanta Ayuba 14:7-9. Tun zamanin dā Ayuba ya lura itacen da aka sare bai gama ba tukuna. Ko saiwarsa ta tsufa cikin ƙasa, da zarar ya ji laima sai ya sake fid da rassa. Shekaru nawa muka yi muna karanta wannan a majami'a ran Lahadi, ran Litinin kuma mu ɗauki adda mu sare tofon?

4. YADDA A KE YI

Ba a bukatar kuɗi, ko rijiya, ko shinge mai tsada. Ga matakan:

(a) Kafin sassabe, zaga gonarka ka ƙirga kututturan da ke tofo. Zaɓi waɗanda ka ke so: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, taramniya, da sauran masu amfani. Wanda ya ke tsoro ya fara da kaɗan a gefe ɗaya na gona, ya gwada shekara biyu.

(b) A kowane kututture bar rassa mafi tsawo da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar. Sare sauran. Ƙarfin saiwar duka zai koma kan waɗanda aka bari.

(c) Rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawon sandar, kada ka wuce haka. Wuƙa ko adda ta zama mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage.

(d) Ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san da mai shi.

(e) Ka komo bayan 'yan watanni ka sake gyarawa. Abin da ka sare na wuta ne, ganyen kuma ka bar wa ƙasa. In sun girma kana iya sare sanda ɗaya kowace shekara, ka bar sabuwa ta maye gurbinta.

(f) Ku yi shawara da mai unguwa da maƙwabta da makiyaya tun da wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum ɗaya ne kaɗai ya bar itatuwa, za a sace. In gari ya yarda, za su tsaya. Makiyayi ma yana da riba a ciki, gama dabbobinsa za su sami abinci da rani.

5. WAƊANSU ZA SU CE

Wani zai ce, "Ai duniyan nan mai wucewa ce, aikinmu wa'azi ne." Jikinmu ma mai wucewa ne, amma muna ba shi abinci, muna kai shi asibiti. Bawan da ubangidansa ya yi tafiya ba ya barin gida ya rushe don ya ji za a gina sabo. Romawa 8:19-22 ta nuna halitta kanta tana cikin wahala tana sauraron fansa, wato Allah bai yashe ta ba. Ku tuna kuma, inda ƙasa ta mutu, samari su kan tafi cin rani ba su komo ba, majami'a ta rage sai tsofaffi.

Wani zai ce, "Fari hukuncin Allah ne, sai addu'a." Lalle mu yi addu'a, gama Allah ne mai ba da ruwa. Amma Yusufu, da aka nuna masa yunwa tana zuwa, ya tashi ya gina rumbuna shekara bakwai (Farawa 41). Wanda ya roƙi ruwa alhali ya bar gonarsa tsirara, in ruwan ya zo zai kwashe ƙasar ya tafi da ita.

Wani kuma zai ce, "Ni tsoho ne, ba zan ga amfaninsa ba." Tofon kututture yana da sauri, gama saiwarsa ta riga ta kafu, cikin shekara biyu ko uku za ka sami sanda. Ko da ba haka ba, wa ya bar tsamiyar da ka ke hutawa a gindinta? Ibrahim ya dasa itace a Biyasheba yana baƙo a ƙasar (Farawa 21:33). Misalai 13:22 ta yabi mutumin da gādonsa ya kai har ga jikoki. Wanda ya bar wa jikansa fako ya bar masa talauci, ya bar masa kuma rigima da maƙwabta a kan ɗan abin da ya rage.

6. KUTUTTUREN YESSE

Ayuba ya faɗi maganarsa cikin baƙin ciki ne. Yana ganin itace ya fi mutum sa'a, gama itace yana tofo, mutum kuwa in ya mutu shi ke nan. Amsar kukansa tana cikin Ishaya 11:1. Gidan Dawuda ya zama kamar itacen da aka sare har ƙasa, masu wucewa suna cewa ya ƙare. Annabi ya ce daga wannan kututture na Yesse sabon reshe zai fito. Reshen nan shi ne Yesu Kristi Ubangijinmu, wanda ya mutu, ya kuma tashi. Saboda shi mutum ma yana da bege.

Don haka kada mu yi saurin fid da zuciya. Akwai ɗan'uwan da ya ja da baya, akwai ƙaramar ekklesiyar ƙauye da ta yi sanyi. Wataƙila saiwar tana da rai, abin da a ke bukata shi ne mai haƙurin reno. Mu kanmu kuma, in Uba ya sa wuƙa ya rage mana waɗansu rassa, Yohanna 15:2 ta gaya mana dalili: yana neman ƙarin 'ya'ya ne.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Wane aiki biyu Allah ya ba mutum a Farawa 2:15? Wanne muka fi sakaci da shi?
2. Waɗanne itatuwa ne dattawan garinku suka sani waɗanda yanzu babu su?
3. Don me aka sare yawancin itatuwan Maraɗi bayan rabon abinci ya ƙare? Me wannan ya koya mana a kan biyayyar da a ke yi domin lada?
4. Awa nawa matan garinku su ke yi wajen neman itacen wuta? Mazan sun sani?
5. Mai bi da ke sana'ar gawayi, ko mai cinna wa daji wuta domin farautar gafiya, wace shawara za ku ba shi, kuna tunawa yana da iyalin ciyarwa?

ABIN YI A WANNAN WATA

Muna roƙon kowane Pasto da mai bishara ya karanta wannan darasi tare da dattawa. A fara da gonar ekklesiya da filin majami'a, domin jama'a su gani da ido. Zumuntar Mata da 'yan makarantar Lahadi su fita rana ɗaya su ƙirga kututturan da ke wurin, a rubuta adadin cikin littafin ekklesiya, baɗi war haka a sake ƙirgawa. Ku rubuto mana abin da kuka samu domin waɗansu su ƙarfafa.

ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, Mai sama da ƙasa, mun ci daga gonarka, ba mu tsare ta ba. Ka gafarta mana. Ka buɗe idanunmu mu ga abin da ka ajiye a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ka ba mu ruwa a kan kari, ka ba mu haƙurin reno, ka sa salama tsakanin manomi da makiyayi. Ran da za ka nemi lissafi, bari a iske mu amintattu. Cikin sunan Yesu Kristi, Amin.